Babi Na Biyar: Makarantar Da Ta Koma Wajen Magabata

A jihar Idaho, can arewa maso yammacin Amurka, akwai wani ƙaramin gari mai suna Mosko. Takwaran babban birnin Rasha ne, amma mutanensa kimanin 25,000 ne kawai, kuma gonakin alkama ne suka kewaye shi. A shekarar 1981 wasu iyaye Kiristoci na wannan gari suka kama hayar ɗakin ƙasa na wata coci, suka tara yaran da ba su kai 20 ba, suka buɗe makaranta, suka raɗa mata suna Logos. Wanda sunansa ya fi fita cikin waɗanda suka kafa ta shi ne Douglas Wilson, matashin fasto, tsohon sojan ruwa. 'Yarsa ta fari ta kusa isa shiga aji, shi da matarsa kuma hankalinsu bai kwanta su miƙa ta ga makarantar gwamnati ba.

Irin wannan ƙaura ba baƙon abu ba ne a Amurkan wancan lokaci. A 1962 Kotun Ƙoli ta hana hukuma ta tsara wa 'yan makarantar gwamnati addu'ar da za su riƙa yi da safe, a 1963 kuma ta hana buɗe rana da karatun Littafi Mai Tsarki. Daga nan makarantun coci suka yi ta tsirowa. Sai dai yawancinsu manhajar gwamnati suka ɗauko yadda take, suka ƙara mata darasin addini da addu'a, shi ke nan. Mutanen Logos sun ga wannan bai isa ba. A ganinsu ciwon yana cikin tsarin karantarwar kansa. Maganin da suka ɗauko kuwa wata lacca ce da wata mata ta gabatar a Ingila shekara 34 kafin nan, wadda Wilson ya taɓa cin karo da ita a wata mujalla yana aikin soja.

Dorothy Sayers sunan matar, 'yar limamin coci, an haife ta a 1893. Da littattafan labarin binciken kisan kai duniya ta san ta, amma mace ce mai zurfin karatu. Mahaifinta ya fara koya mata Latin tana 'yar shekara 6, tana cikin matan farko da Jami'ar Oksfod ta ba digiri a 1920, a ƙarshen rayuwarta kuma ta duƙufa kan fassara doguwar waƙar Dante daga Italiyanci. Akwai wani abu da ba a cika ambata ba, alhali shi ne mabuɗin maganarta: ta yi kusan shekara 9 tana aiki a kamfanin talla a Landan, tana tsara kalmomin da ke sa mutum ya sayi abin da bai yi niyya ba. Ta san yadda ake juya mutane da magana, don ta yi sana'ar da hannunta.

Daga nan tambayar da ta jefa wa malaman da suka taru a Oksfod a 1947 ta fito. Shekara biyu ke nan da gama yaƙin duniya, kowa ya ga yadda rediyo da jarida suka ja al'umma mai karatu zuwa halaka. Yaya aka yi, a lokacin da masu iya karatu suka fi yawa a tarihin Turai, a lokacin ne mutane suka fi saurin faɗawa tarkon talla da farfaganda? An koya wa yaro haɗa baƙi, an sake shi cikin duniyar da kalmomi suka cika, ba a koya masa yadda zai auna su ba.

A ganinta makarantar zamani darussa take koyarwa, ta bar koyar da yadda ake koyo. Yaro ya yi tarihi, a kaɗa ƙararrawa, ya yi kimiyya, a sake kaɗawa, ya yi Turanci, babu darasin da ke leƙa ɗan'uwansa. Ya ci jarrabawa ya manta, in kuma aka kawo masa fannin da ba a taɓa koya masa ba sai ya tsaya cik. Kamar yaron maƙeri ne da aka shekara ana jera masa fartanya da lauje da gatari yana haddace sunayensu, ba a taɓa miƙa masa masaba da awartaki ba. Makarantun Turai na tsakiyar zamani kuwa da kayan aikin suke farawa. Fannoni bakwai suka sani. Ukun farko na harshe ne da tunani: nahawu, manɗiƙi da balaga. Sai wanda ya ƙoshi da su ake wucewa da shi zuwa huɗun da suka shafi adadi, wato lissafi, handasa, ilimin sautin kiɗa da ilimin taurari.

Zuwa nan ba ta faɗi abin da masana tarihi ba su sani ba. Sabon abin da ta kawo shi ne ɗora fannonin nan uku a kan matakan girman yaro. Akwai shekarun aku, lokacin da hadda ke yi wa yaro daɗi, yana rera lambobin mota don nishaɗi kawai. To, a cika masa kai da kalmomin Latin, da waƙoƙi, da shekarun tarihi, da sunayen tsirrai da taurari. Wannan shi ne matakin nahawu. Sai shekarun tsiwa, wajen 12 zuwa 14, lokacin da yaro ke son musu da kama manya da kuskure. Maimakon a yi ta tsawata masa, a koya masa ƙa'idar gardama, wato manɗiƙi, tunda ko an ƙi ko an so sai ya yi ta. Sai shekarun shauƙi, da matashi ke jin babu mai fahimtarsa, yana neman bakin da zai faɗi abin da ke ransa, nan ne gurbin balaga. Ita kanta ba ta zaci wani zai gwada shawarar ba, ta kuma rasu a 1957 ba ta ga an gwada ba.

Wanda ya shiga irin wannan makaranta a yau, muryoyi zai fara ji. 'Yan aji uku na firamare suna rera sauye-sauyen ƙarshen kalmomin Latin baki ɗaya, wasu suna rera jerin abubuwan tarihi tun daga Masar ta Fir'auna har zuwa zamanin nan, wasu suna biya ayoyin Littafi Mai Tsarki. Wanda ya tashi da makarantar allo ba zai ji baƙunta ba. Yara suna sanye da inifam, suna rubutu da hannu, kwamfuta da waya kuwa an rage musu wuri ƙwarai. Tarihi bi da bi ake yinsa, daga farko zuwa ƙarshe, a sake zagayowa idan yaro ya ƙara hankali.

A aji na 7 da na 8, daidai da ƙaramar sakandare a wajenmu, ake shigo da manɗiƙi a matsayin darasi mai zaman kansa. Yaro zai koyi yadda ake gina ƙiyasi, jimla biyu su haifar da ta uku, ya kuma gane lokacin da ta ukun ba daga biyun ta fito ba. Zai san hanyoyin yaudara ɗaya bayan ɗaya: a bar magana a kama zagin mai ita; a ce tunda abu kaza ya biyo bayan abu kaza, to shi ya jawo shi; a ba mutum zaɓi biyu alhali akwai na uku; a jingina wa abokin gardama abin da bai faɗa ba don a ji daɗin rusa shi. Daga nan sai a ɗauko sharhin jarida ko jawabin ɗan siyasa a ce ya tono su a ciki. A manyan azuzuwa ba taƙaitawa ake ba ɗalibi ba, littafin ake ba shi sukutum: Homer, Aflatun, Virgil, Agustin, Dante, Shakespeare. Ana zama kewaye da tebur, malami yana tambaya fiye da yadda yake bayani. Kafin ɗalibi ya fita, a yawancinsu, sai ya rubuta doguwar maƙala kan wata mas'ala mai sarƙaƙiya, ya tsaya gaban malamai da iyaye ya gabatar da ita da baki, a yi masa tambayoyi ya kare kansa.

A 1991 Wilson ya wallafa littafi kan abin da suka gwada a Logos. Iyayen da ke son irinta a garinsu suka yi ta neman bayani, ba a jima ba aka kafa ƙungiyar irin waɗannan makarantu, wadda yau ke da ɗaruruwan mambobi. Masu karantar da 'ya'yansu a gida suka rungumi tsarin, musamman bayan jagorar da Susan Wise Bauer da mahaifiyarta Jessie Wise suka fitar a 1999. Katolika suna da nasu. Akwai ma reshen da ya ajiye addini gefe domin ya cancanci tallafin gwamnati, kamar makarantun Great Hearts a Arizona da Texas. A 2015 Jeremy Tate ya ƙirƙiro jarrabawar shiga jami'a mai suna CLT, wadda ke ɗauko nassoshinta daga tsofaffin littattafai, a 2023 kuma jami'o'in gwamnatin jihar Florida suka amince da ita.

To, me masu wannan tsari suke gudu? Sunaye biyu sukan yawan fitowa a bakinsu. Na farko Horace Mann, wanda ya zama sakataren hukumar ilimi ta jihar Massachusetts a 1837, ya je Farusiya a 1843 ya dawo yana yaba tsarinta na azuzuwa da horar da malamai. Na biyu John Dewey, wanda ya buɗe makarantar gwaji a Chicago a 1896, yana koyar da cewa da hannunsa da abin da ya gani yaro ke koyo, aikin makaranta kuma shirya shi zaman al'ummar da yake ciki. Zargin shi ne daga zamaninsu makaranta ta daina tambayar wane irin mutum take son fitarwa, ta koma tambayar wane aiki zai samu.

Akwai ƙamshin gaskiya a zargin, amma ba a yi wa mutanen biyu adalci ba. A wajajen 1900 kusan rabin ɗaliban sakandaren gwamnati a Amurka suna karatun Latin, wannan haka yake. Haka kuma yake cewa a lokacin, cikin matasa 10 da kyar 1 yake taka sakandare. Tsohon karatun na 'yan kaɗan ne, galibi 'ya'yan gidajen da ba sa bukatar yaro ya fita neman kuɗi da wuri. Mann da Dewey sun yi fama da tambayar da ba ta taɓa damun malaman tsakiyar zamani ba: yaya za a karantar da kowa, da ɗan manomi da ɗan leburan masana'anta da ɗan baƙon da ya sauka jiya daga jirgin ruwa, da kuɗin haraji, a aji mai cunkoso? Duk mai sukar amsarsu, wajibi ne ya kawo tasa.

Inda na fi ganin ƙarfin hujjar masu karatun magabata shi ne batun aƙida. Suna cewa babu makarantar da ba ta da ra'ayi game da Allah da mutum da mutuwa. Wadda ta yi shekara 12 tana koya wa yaro komai ba ta ambaci Mahalicci ba, ta riga ta koya masa cewa ana iya fahimtar komai ba tare da Shi ba. Don haka ba sa killace addini a darasi guda. Malamin lissafi da na tarihi kowa daga cikin imaninsa yake magana. Wannan damuwa ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayaninta ba. Ita ta sa kakanninmu suka yi ɗari-ɗari da boko, ita ta haifi makarantun Islamiyya masu haɗa karatu biyu, ita ta sa iyaye Kiristoci ke riƙe da makarantun mishan hannu bibbiyu. Sai dai ƙasar da ta tara addinai iri-iri tana bukatar ajin da 'ya'yan kowa za su zauna tare, kuma masu wannan tsari ba su faye tsayawa kan abin da za a rasa ba idan kowane gida ya janye ɗansa.

Sakamakon ɗalibansu a jarrabawa yana da kyau, ana kuma yawan kafa hujja da shi. A nan ya kamata a yi aiki da manɗiƙin da suke koyarwa. Yaron da iyayensa suka yi bincike, suka zaɓi makaranta, suka biya dubban daloli a shekara, suke karanta masa littafi da dare, ko ina aka kai shi zai taɓuka. Tun a shekarun 1920 masanin halayyar ɗan'adam Edward Thorndike ya auna dubban ɗaliban sakandare don ya ga ko Latin yana wasa ƙwaƙwalwa fiye da sauran darussa, ya tarar bambancin kaɗan ne, masu kaifin kai ne ke ɗaukar Latin tun farko. Latin yana da amfaninsa: fiye da rabin kalmomin Turanci daga gare shi suka samo asali, kai tsaye ko ta Faransanci, yana kuma tilasta wa yaro lura da ginin jimla. Amma wannan aiki na biyu i'irabin Larabci ma yana yinsa. Ɓangaren da ya fi tsayuwa da ƙafafunsa shi ne tara sani. E. D. Hirsch ya ja hankali a 1987 cewa mai karatu ba ya gane shafi sai yana da masaniyar abin da shafin ke magana a kai. Da abin da ke cikin kai ake yin tunani, saboda haka hadda ba ta ci sunan banzan da aka ba ta ba.

Tarihin da aka gina harkar a kansa kuwa ya fi yadda ake ba da shi faɗi. Da farko dai, matakan nan na aku da tsiwa da shauƙi na Sayers ne, ta kuma faɗa da bakinta cewa yaron da ta fi sani, wanda ta gina su a kansa, ita ce lokacin tana ƙarama. Malaman wancan zamani ba su san wani abu wai shi nahawun tarihi ba. Nahawu a wajensu harshen Latin ne da mawaƙansa, kuma da duka ake koyar da shi: a ƙofar babbar cocin Chartres a Faransa an sassaƙa Nahawu a siffar mace riƙe da tsumagiya, yara biyu a gabanta. Ƙaramin yaro ma yana tambayar dalili, babba ma yana bukatar hadda. Wasu marubutan harkar, irin su Kevin Clark da Ravi Jain, sun yi wannan gyara, suna cewa fannonin uku gwanintar harshe ce, ba matakan shekaru ba.

Sannan wannan gado da ake kira na Yamma, saiwarsa da yawa a Afirka ta Arewa take. Tertullian, wanda ya ɗaga murya wajen shekara ta 200 cewa babu abin da ya haɗa falsafar Girkawa da imani, mutumin Kartaj ne, a Tunisiya ta yau. Wanda ya ba da amsar da ta zaunu, Agustin, an haife shi a 354 a garin da yanzu ake kira Suk Ahras a Aljeriya. Ya yi shekaru yana koyar da balaga a Kartaj da Roma da Milan kafin ya zama bishop, matsayinsa kuwa shi ne gaskiya ta Ubangiji ce duk inda take, mai imani ya ɗauke ta ko a hannun mai bautar gumaka ya gan ta. Martianus Capella, wanda littafinsa na ƙarni na 5 ya tsayar da fannonin a bakwai, shi ma ɗan wannan yanki ne. Daga hannunsu abin ya shiga gidajen ruhubanawa, har Sarki Shalman ya ba da umarni a 789 a buɗe makarantu a manyan majami'u.

Duk da haka, cikin littattafan manɗiƙi shida na Aristotal, biyu ne kawai ke hannun ɗaliban yammacin Turai har ƙarni na 12. A Bagadaza kuwa dukkansu ake karantawa da Larabci, kuma Kirista da Musulmi ne suka yi aikin tare. Hunain ɗan Ishaƙ, babban mafassarin da ya rasu a 873, Kirista ne. Al-Farabi ya ɗauki manɗiƙi wajen malami Kirista, Yuhanna ɗan Hailan, ɗalibin Al-Farabi da ya fi shahara, Yahaya ɗan Adi, shi ma Kirista ne. A ƙarni na 10, a majalisar waziri, aka zaunar da Abu Bishir Matta mai manɗiƙi da Abu Sa'id Sirafi mai nahawu suka kara kan wanne cikin fannonin biyu ne ma'aunin magana ta gari. Imam Gazali ya buɗe littafinsa na usulul fiƙhu da muƙaddimar manɗiƙi. Da Turai ta farka neman abin da ta rasa, wani ta samo daga Girkanci kai tsaye, wani daga Larabci a Toledo da Sisili. Adelard na Bath daga Larabci ya fassara handasar Euclid. Thomas Aquinas, wanda ya rasu a 1274, da sharhin Ibn Rushdi na Ƙurɗuba a gefensa ya karanta Aristotal, wani wuri ya bi shi, wani wuri ya yi masa raddi.

Wani reshen kuma ya ƙetaro Sahara. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, masanin manɗiƙi ne da ya yi wallafa a fannin. Ya yi musayar baitoci da Imam Suyuɗi na Masar, Suyuɗi yana ganin haramcin manɗiƙi, Magili yana kare shi da cewa gaskiyar magana ake dubawa, ba wanda ya faɗe ta ba. Saɓanin nan na Tertullian da Agustin ne ya sake ɓullowa cikin wani harshe da wani addini. Littafin Ahalari da kowane almajirin ilimi ke farawa da shi, mai shi, Abdurrahman Al-Akhdari na Aljeriya, shi ne dai ya tsara Sullam a manɗiƙi da Jauharul Maknun a balaga. Ɗalibin zauren Kano ko Zariya ko Katsina da ya bi Ajurumiyya zuwa Alfiyya, ya karanta Sullam, ya shiga balaga, ya riƙe kayan aikin da Sayers ta ce sun ɓata.

Na tsaya kan wannan ne saboda a bakin wasu masu harkar, wayewar Yamma ta zama ganuwa, jerin littattafan da ake ba yara yakan tsallake daga Roma zuwa Paris kamar babu Bagadaza a hanya. Abin ya wuce mantuwa. A 1996 Wilson da wani fasto, Steve Wilkins, suka fitar da ƙaramin littafi yana nuna bautar da aka yi wa baƙar fata a kudancin Amurka da sauƙi fiye da yadda ake faɗa, har yana kwatanta zaman bawa da ubangidansa da zaman ƙauna. Masana tarihi, har da na Jami'ar Idaho da ke garinsa, sun yi masa raddi mai zafi, mutane da yawa a cikin harkar kuma ba sa tare da shi a kai. Wannan abin baƙin ciki ne, kuma hujja ce a kan tsarin cewa sanin ƙa'idar ƙiyasi bai isa ya tsare mutum daga son zuciya ba, sai in ya yarda ya auna maganar ɓangarensa da ma'aunin da yake auna ta abokin gaba.

Bayin nan da jikokinsu sun san darajar kayan aikin fiye da kowa. Frederick Douglass bawa ne a Baltimore, yana ɗan shekara 12 ko 13 ya tara santi 50 daga goge takalma ya sayi littafin makaranta na koyon jawabi. A ciki ya tarar da muhawara tsakanin bawa da ubangida, inda bawan ya rusa hujjojin bauta ɗaya bayan ɗaya. Ya yi ta karantawa a ɓoye, ya gudu a 1838, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu jawabin ƙarninsa. Martin Luther King, a wasiƙar da ya rubuto daga kurkukun Birmingham a 1963, da Agustin da Aquinas ya kafa hujjar cewa dokar zalunci ba ta wajaba a bi ba. A Afirka ta Yamma kuma akwai Edward Blyden, malamin coci, mai koyar da Girkanci da Latin a Kwalejin Laberiya. A jawabinsa na kama shugabancin kwalejin a 1881 ya ce a riƙe tsofaffin littattafan Girka da Roma, domin ba a rubuta su da raina baƙar fata ba kamar littattafan Turai na zamanin cinikin bayi, amma a haɗa da Larabci da manyan harsunan ƙasa. A ganina manhajar Blyden ta fi ta Logos cika.

Saura maganar kuɗi da malami. Yawancin makarantun nan na kuɗi ne, karatun gida kuma yana bukatar ɗaya daga cikin iyaye, galibi uwa, ta ajiye aiki. Jihohi irin su Arizona a 2022 da Florida a 2023 sun buɗe wa kowane iyali damar karɓar kason kuɗin ilimin ɗansu su kai makarantar da suka ga dama, ana nan kuma ana ta ja-in-ja kan abin da wannan zai bar wa makarantar gwamnati. Malami shi ne babban cikas. Shugabannin harkar da kansu sukan ce suna ƙoƙarin ba da ilimin da su ba su samu ba. Rera kalmomin Latin abu ne mai sauƙin kwaikwayo. Zama da matasa a kewaye da tebur, a bar su su ja da malami, a dawo da su kan hujja ba tare da tsawa ba, wannan sai wanda shi ma aka yi masa haka.

Tsarin ya riga ya iso nahiyarmu. Gidauniyar Rafiki ta Amurka tana gudanar da makarantu a kansa a ƙasashen Afirka 10, har da guda kusa da Jos, kuma ba abin mamaki ba ne a ga masu makarantun kuɗi sun fara rubuta sunansa a allon ƙofa. Ina goyon bayan a koya wa kowane yaro, Kirista da Musulmi, nahawu da manɗiƙi da balaga, a fara kuma da harshen da yake tunani da shi. Mai makarantar da ke sha'awar wannan hanya, kafin ya yi odar littattafan Latin, ya fara nemo malamin da yaro ɗan shekara 13 zai ce masa hujjarsa ba ta tsaya ba, ya saurara har ƙarshe. In ya same shi, ya biya shi albashin da zai riƙe shi.